Yadda ake zaɓen wurin cire gashi da leza ba tare da an ƙona miki fata ba

Abin da ya faru da wata ƙawata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ta je wani wuri a cire mata gashin haɓa da na hammata, wurin ya haɗu iya haɗuwa, ga kujeru masu laushi ga ƙamshi ga ma'aikata sai fara'a suke, zama ɗaya aka yi mata washegari ta tashi haɓarta duk ta yi bororo, da bororon ya warke kuma sai ya bar mata baƙin tabo layi layi daidai faɗin bakin injin, ta kusa shekara tana fama kafin ya dishe. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, don duk abin da ya jawo hakan tambaya biyu ce ba a yi ba, wane inji ne kuma waye zai riƙe shi. To ni dai in za ki ji tawa ki manta da kyan ɗaki, ki bi abin daki daki yadda zan kawo shi. Da mace nake magana amma maza ma da ke fama da ƙurajen aski a wuya da ƙeya duk maganar ta shafe ku.

Farko dai ki san me ake yi miki, don wanda bai san abu ba ko ƙarya aka shara masa kai zai gyaɗa. Leza haske ne mai tsawon zango guda ɗaya tak, wato nau'in haske ɗaya ne ba gauraye ba, ana harba shi a fata sai sinadarin melanin, wato abin da ke ba gashi baƙinsa, ya zuƙe hasken ya mai da shi zafi, zafin ya gangara ya lalata saiwar gashin. Wasu masana biyu a Amurka, Anderson da Parrish, su suka fitar da wannan ƙa'idar a 1983, kuma a tsakiyar shekarun 1990 aka fara amfani da ita wajen cire gashi. Kin ga inda gizo ke saƙar? melanin ɗin nan ba a gashi kaɗai yake ba, yana cikin fata ma, kuma iya duhun fatarki iya yawansa. Hasken bai san wannan gashi ne wannan fata ce ba, baƙi kawai yake nema. Shi ya sa injin da zai yi wa farar mace mai baƙin gashi aiki lafiya lau, shi ɗin dai zai iya toya mai duhun fata.

Mataki na biyu, ki san fatarki. Likitocin fata suna da wani ma'auni da wani likita mai suna Thomas Fitzpatrick ya kawo a 1975, a yanzu an kasa fata gida 6 a kansa, daga 1 wadda rana ke ƙonawa nan take ba ta yin duhu, har zuwa 6 mai duhu sosai. Masu duhun fata suna faɗawa 5 ne ko 6, wankan tarwaɗa mai haske wani lokacin 4. Ki riƙe lambar nan a kanki don duk wurin da ya san aikinsa sai ya tantance ta kafin ya taɓa ki. Sannan ki duba gashin ma, leza ta fi son gashi baƙi mai kauri, furfura da farin gashi ba ta ganin su kwata kwata tunda ba melanin ɗin da take nema, jan gashi ma da ƙyar take kama shi, wanda duk ya ce zai cire miki furfura da leza kuɗinki kawai yake so. Irin wannan gashin da wata hanya ake cire shi, ta siririyar allura mai lantarki da ake bi saiwa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani abu da nake so ki tsaya a kai kafin ma ki fara neman wuri. In gashin fuska ne ya fito miki da yawa, a haɓa ko ƙirji ko ƙasan cibiya, musamman in al'adarki na wasa ko ƙuraje sun dame ki ko kina ta ƙiba, dan Allah ki fara ganin likita a auna sinadaran jikinki, don sau da yawa matsalar nan ta ƙwan mace da ake kira PCOS ce ke kawo shi. Leza za ta rage wanda ya fito amma in tushen matsalar na nan jiki zai ci gaba da fito da sabo, ki yi ta biyan kuɗi kamar mai zuba ruwa a rariya.

To yanzu sai maganar inji, nan ne zan daɗe don nan ne komai yake. Ki kira wurin ko ki tura musu saƙo tun kafin ki je, ki ce wane irin inji kuke amfani da shi, sunansa da kamfanin da ya ƙera shi. Manyan nau'o'in da za ki ji su ne waɗannan. Akwai Alexandrite mai tsawon zango nanomita 755, melanin na zuƙar sa sosai, yana da kyau ga farar fata amma ga mai duhun fata haɗari ne. Akwai Diode, wajen 800 zuwa 810, shi tsaka tsaki ne, yana yi wa fata iri iri kuma ana iya amfani da shi a fata mai ɗan duhu in mai riƙe da shi ya iya saitin kuma injin na da sanyaya mai kyau. Sai Nd:YAG mai 1064, wannan shi ne wanda likitocin fata suka fi yarda da shi ga fata ta 5 da ta 6, saboda haskensa na ratsa saman fata ba tare da melanin ɗin wurin ya zuƙe shi da yawa ba, ya nutse can ƙasa inda saiwar take. Yana da ɗan zafi, kuma bai cika kama siririn gashi ba, amma ni a wurina gara a ƙara miki zama biyu da a bar ki da tabo. Akwai tsohon nan Ruby mai 694 wanda yanzu da wuya ki gan shi, in kin gan shi ma ba naki ba ne.

Sai kuma IPL, wanda shi aka yi wa ƙawata amfani da shi aka ce mata leza ce. IPL ba leza ba ne sam, fitila ce mai ƙarfi da ke watsa haske mai zango barkatai a lokaci guda, injinsa ya fi araha shi ya sa ƙananan wuraren gyaran jiki suka fi sayen sa, kuma ga mai duhun fata shi ya fi saurin ƙuna. Ba wai ba ya aiki ga kowa ba ne, yana yi wa masu hasken fata, amma a sayar miki da shi da sunan leza wannan yaudara ce, kuma wanda ya yaudare ki a sunan inji me kuma zai gaya miki ki yarda?

In sun ba ki suna ki rubuta shi ki bincika a intanet. Akwai sanannun injina irin su GentleMax Pro na kamfanin Candela wanda ya haɗa 755 da 1064 a inji ɗaya, da LightSheer na Lumenis, da Soprano na Alma, da Elite na Cynosure. Ba talla nake musu ba kuma ba su kaɗai ne masu kyau ba, abin da nake so ki gane shi ne inji na gaske yana da suna da kamfani da takardar amincewar hukuma, kamar FDA ta Amurka ko alamar CE ta Turai. Kuma jabu sun cika kasuwa, har da masu kwaikwayon sunan da kamannin, don haka ranar da kika je ki ce a nuna miki injin da idonki, ki duba lambar da ke manne a jikinsa, ki tambayi yaushe rabon da a yi masa sabis. In aka ce miki "injinmu na zamani ne yana yi wa kowace fata" aka tsaya nan ba suna ba lamba, ki yi musu godiya ki kama gabanki. Ki tambayi yadda yake sanyaya fata ma, wasu feshin sanyi suke yi daf da harbin, wasu bakin injin ne ke da sanyi kamar ƙanƙara, wasu iska mai sanyi ake hurawa, ko wanne ne dai dole akwai ɗaya, shi ke kare saman fatarki.

Bayan inji sai hannu. Wallahi inji mai kyau a hannun wanda bai iya ba ya fi komai haɗari, don shi zai zaɓi ƙarfin hasken da tsawon lokacin kowane harbi da faɗin bakin injin, kuskure kaɗan a nan shi ne ƙuna ko kuma aikin banza, don akwai masu rage ƙarfin can ƙasa saboda tsoro, ki yi zama goma gashi na nan daram. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani wurin sai likita ko nas, wani wurin kuma duk wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki zai iya buɗe shago, don haka kar ki ɗauka tunda an buɗe wuri an tantance shi ke nan. Ki tambaya kai tsaye, waye zai yi min da hannunsa, wane horo ya samu, shekara nawa yana yi, ya saba da fata irin tawa, akwai likitan fata da ke kula da wurin kuma in matsala ta taso zan gan shi ko kuwa sunansa ne kawai a jikin allo. Ki duba lasisin wurin, ki tambaya ko suna da inshora. Ba rashin kunya ba ne, jikinki ne. Wanda ya iya aikinsa daɗin irin tambayoyin nan yake ji, wanda ya fara ɗaure fuska kuwa ya riga ya ba ki amsa.

Hotunan kafin da bayan aiki da suke sakawa a Instagram, ki ce a nuna miki na masu kalar fatarki, kuma wanda aka ɗauka watanni bayan an gama ba ranar da aka aske ba, kowa ai sumul yake ranar aski. Sharhin mutane kuma ki fi karanta na masu ƙorafi ki ga me suka ce da yadda wurin ya amsa musu.

Mataki na gaba shi ne zaman tattaunawa, kuma a nan ba ke kaɗai za ki yi tambaya ba, ki lura su me suke tambayar ki. Wuri na ƙwarai zai ba ki fom ki cike, zai tambayi magungunan da kike sha, don akwai masu sa fata ta kasa jure haske kamar doxycycline da 'yan uwansa, akwai kuma isotretinoin na ƙurajen fuska wanda wurare da yawa sai kin yi wata 6 da daina shi suke taɓa ki. Za su tambaya ko kina da juna biyu, galibi ba a yi wa mai ciki. Za su tambaya ko jikinki na yin tabo mai tudu in kin ji ciwo, ko ƙurajen nan na leɓe suna taso miki, ko kina da wata cutar fata, ko kin sha rana kwanan nan. Za su duba ko akwai tatu ko tawadar Allah a wurin don ba a bi ta kansu, rufe su ake yi. In ba a tambaye ki ko ɗaya ba sai "wane wuri za a yi, ga kuɗinsa", wannan kanti ne ba wurin kula da lafiya ba.

Ke ma kuma ki faɗi gaskiya, musamman maganar man bilicin. Na san ba kowa ke son a sani ba, amma mayukan nan da yawa suna ɗauke da hydroquinone ko sinadarin steroid mai sa fata ta yi siriri ta yi rauni, kuma hasken da ake gani a sama zai iya sa mai aikin ya ɗauka fatarki ta 3 ce ko ta 4 ya saita injin a haka, alhali ainihin fatarki ba haka take ba. Ki ɗauki mayukan da kike shafawa ki je da su, ko ki ɗauki hotonsu a waya ki nuna.

Ki saurari alkawarin da za su yi miki da kunnen basira. Gashi ba lokaci ɗaya yake girma ba, wani na tsiro wani na hutawa wani na shirin zubewa, leza kuma wanda ke cikin tsiro kawai take kashewa da kyau, shi ya sa ake maimaitawa, yawanci zama 6 zuwa 8, wasu fiye, ana ba da tazarar sati 4 zuwa 6 a fuska, a jiki kuma 6 zuwa 8. Ita kanta hukumar FDA abin da ta yarda a ce shi ne rage gashi na dindindin, ba wai cire shi gaba ɗaya har abada ba, ma'ana zai ragu sosai, wanda ya saura ya yi laushi ya yi siriri, kuma ƙila ki riƙa komawa jefi jefi. Wanda ya rantse miki cewa zama uku an gama har abada, ko bai sani ba ne ko kuma ya sani yana ɓoyewa. Kuma ya kamata su da kansu su gaya miki illolin, ƙuna, bororo, wurin ya yi duhu ko ya yi fari, da wani abu da ba kasafai ake faɗa ba, wato wani lokacin maimakon gashi ya ragu sai ya ƙaru, ya fi faruwa a gefen fuska da wuya in aka bi ta kan siririn gashi mai laushi. Don haka in gashin kumatunki irin lallausan nan ne da sai an matso ake gani, ni shawarata ki bar shi, kuma mai gaskiya shi ma haka zai ce miki ko da zai rasa ciniki.

Yanzu ga matakin da ba na sassauci a kansa ko kaɗan, gwaji a ɗan ƙaramin wuri. Kafin a yi miki cikakken aiki dole a harba a wuri kaɗan, a ainihin inda za a yi aikin ko kusa da shi, don fatar hannu daban ta hammata daban, da injin da za a yi amfani da shi da kuma saitin da za a yi amfani da shi, sannan ki tafi gida. Ga mai hasken fata awa 24 zuwa 48 ake jira, mai duhun fata kuwa gara ta ƙara kwanaki har sati ko fiye, don baƙin tabo ba ranar yake nuna kansa ba. Ja da ɗan kumburi a gindin kowane gashi kamar tsikar jiki ta tashi wannan daidai ne, alamar an taɓa saiwar ce, kuma cikin awoyi ko kwana ɗaya biyu yake wucewa. Bororo ko ɓawo ko canjin kala kuwa ba daidai ba ne. In suka ce ba sai an gwada ba ai mun saba, ko suka gwada suka ce bari mu ci gaba yanzu yanzu tunda kin riga kin zo, kar ki yarda ko da kin biya kuɗin mota mai yawa kafin ki iso. Da an yi wa ƙawata wannan gwajin da tabon bai wuce faɗin farce ba.

Ranar gwajin ki buɗe ido ki kalli ɗakin. Tabarau na musamman dole ne, ke da mai aikin da duk wanda ke ciki, kuma kowane tsawon zango da irin tabaraunsa, ba baƙin gilashin rana ba, hasken nan na iya lalata ido cikin ƙiftawa, shi ya sa ma ba a yin leza a gira da kewayen ido. Ƙofa a rufe, a goge bakin injin a gabanki, a sa safar hannu, a shimfiɗa sabon abu a gadon. Warin ƙonannen gashi za ki ji shi, wurin da ya san abin da yake yi yana da na'urar zuƙe hayaƙin. In kin fi son mace ta yi miki ki faɗa tun wajen karɓar lokaci kar sai kin shiga ɗaki. Zafin kuma kamar a ja roba a sake miki a fata ne, in ya wuce haka ya koma raɗaɗin ƙuna ki ce a tsaya, kar ki cije ki ce jarumta, zafin nan saƙo ne. A kan haka ne ma nake tsoron man kashe zafi, in za a shafa a shafa kaɗan a ƙaramin wuri bisa umarnin likita, don a 2007 FDA ta yi gargaɗi bayan mata biyu sun rasu, sun lafta irin man nan a ƙafafunsu suka naɗe da leda kafin zuwa cire gashi, maganin ya shiga jini ya yi yawa.

Kuɗi na bar shi a baya da gangan. Rangwame mai yawan gaske ki tambayi kanki daga ina aka rage, daga inji ne ko daga ma'aikaci. Kar ki biya kuɗin zama takwas a dunƙule kafin gwaji, ni da zan so ma ki biya na zama ɗaya ko biyu tukuna ki ga kamun ludayinsu. In za ki sayi na dunƙulen a rubuta miki komai, zama nawa, wane sashe na jiki daidai don "ƙafa" a wani wurin daga gwiwa zuwa ƙasa ce kawai, yaushe wa'adin zai ƙare, me zai faru in kin samu ciki ko kin yi tafiya ko fatarki ta ƙi, kuma in an ƙone ki waye zai ɗauki nauyin magani. Ki karɓi rasit. In ana matsa miki wai rangwamen yau zai ƙare ki biya yanzu, ki je gida ki kwana a kai.

In kin gama zaɓa kuma, wurin ya kamata ya ba ki ƙa'idoji a rubuce. Sati 4 zuwa 6 kafin a fara ki daina tuge gashi, ba halawa ba zare ba hantsaki, don in kin tumɓuke saiwar me hasken zai kama? Aski da reza kawai, kwana ɗaya kafin zuwa. Ki guji zama a rana, ki riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, eh har mai duhun fata. Ranar zuwa kar ki shafa komai a wurin, ba turare ba mai ba hoda. Bayan an yi, kwana ɗaya zuwa biyu ba ruwan zafi ba dirza ba motsa jiki mai sa gumi, kuma cikin sati 1 zuwa 3 za ki ga gashin na zubewa da kansa, kamar yana tsirowa ne amma mataccen ne jiki ke turowa waje, ki bar shi ya fita kar ki ja.

Kuma zaɓen bai ƙare a zaman farko ba. Duk zuwa ki lura ko suna duba fatar su tambaye ki yadda kika kwana da na baya, ko suna rubuta saitin da suka yi amfani da shi a fayil ɗinki, ke ma ki nemi a gaya miki lambobin ki ajiye a wayarki tare da hoton wurin kafin kowane zama, a haske iri ɗaya. In aka canza miki ma'aikaci ko inji ki ce a sake gwaji. In kin yi zama uku ko huɗu ba ki ga gashi na zubewa ba kuma bai ragu ba, ki zaunar da su ki nuna musu hotunan ki ji me za su ce. In kuwa bororo ya fito, ki sa tsumma mai sanyi, kar ki fasa shi kar ki ɓare ɓawon, ki ɗauki hoto da kwanan wata, ki sanar da wurin a rubuce, sannan ki je wurin likitan fata a ranar ko washegari, kuma kar ki bari a sake harba miki komai a wurin sai ya warke sarai likitan ya ce to.